Yadda Za Ka Ƙwaci Littafinka Daga Hannun Silima

Idan kana da littafin da kake so kamar ranka, sai ka ji wai wasu mutane a can Faransa, waɗanda ba su san ka ba, ba su kuma nemi izininka ba, sun ɗauke shi sun mayar da shi silima, to kwantar da hankalinka. Akwai magani, kuma an gwada shi. Duk wanda ya bi matakan nan takwas bi da bi, ba tsallake, an lamunce masa zai fi kowa gaskiya a garinsu. An samo su ne daga Jimrau, planto, wato ɗan aike, a biro, ofishin kumandan, Baturen mulkin Dakoro, wanda ya yi aiki da su a shekarar 1956, kuma har ya tsufa bai yarda ya yi kuskure ko a guda ba.

Mataki na ɗaya: Ka mallaki littafin, ka mallaki masu saurare

Littafin da kowa zai iya karantawa ba shi da amfani a wannan sana'a. Nemi wanda kai kaɗai ka iya.

Jimrau ya yi shekara huɗu a lakwal, makarantar boko, a Maraɗi, ya fito da Faransanci daidai na kai takarda da karɓo amsa. Wani malamin lakwal Bafaranshe da zai koma ƙasarsu ya bar masa littafi mai kaurin tubali, shafi ɗari huɗu da goma sha biyu. Sunansa, in an juya da Hausa, Takobin Ƙanƙara. Labarin wani yarima ne, Gwandabal, da aka kora daga gidan ubansa ba shi da komai sai baƙin ingarma guda mai magana, ya tafi neman takobin da zai kashe dodo mai kai uku da ya hana ƙasarsu ruwa. Mutanen Dakoro, da ke jan guga gaba arba'in kafin su jiƙa maƙogwaro, ba sai an yi musu bayanin muguntar wannan dodo ba.

Sau goma sha ɗaya Jimrau ya sauke littafin shi kaɗai. Sannan ya fara karanta wa jama'a, kullum bayan la'asar, a gindin gawon bakin kasuwa. Shafi guda a rana, ba ƙari. Ya karanta da Faransanci, ya juya da Hausa, ya rufe, ko da kuwa an bar yarima rataye a bakin rami. Da damina a tafi gona, gawo ma ya zubar da ganye, da kaka a dawo. Dokarsa ɗaya ce, kuma yana alfahari da ita: ba ya ƙara wa littafi ko wasali, ba ya rage masa. Akwai wani tsohon Buzu makiyayi, Agali, mai zama a sahun gaba, wanda ba ruwansa da sarauta ko takobi, shi dai doki. Kullum sai ya tambaya ko an shayar da dokin yau, ko an duba masa kofato. In babu a shafin, Jimrau ya ce littafi bai faɗa ba, shi kuma ba zai yi wa littafi ƙarya ba.

Ka lura da ribar. A biro sunansa Planto, ana kiransa da tsawa, ya taso da gudu. A gindin gawo sunansa Malam Jimrau, kuma kofin shayi na farko nasa ne. Wannan sa'a guda ita ce duk girman da yake da shi a duniya, ya kuma san haka.

Mataki na biyu: Ka tsani abin tun kafin ka gan shi

Kada ka jira ka gani. In ka jira, wataƙila ya burge ka, ka shiga uku.

Jimrau da hannunsa ya ɗauko takardar daga jakar wasiƙu. Kamiyon silima, babbar mota guda, zai zo daga Maraɗi ranar Asabar, a nuna wa talakawa kyauta a filin lakwal, kuma ga sunan littafinsa ɓaro-ɓaro a jiki. A lokacin suna shafi na ɗari uku da arba'in. Yarima ya sami takobi, bai kai ga dodo ba. Abin da Jimrau ya yi shekara biyu yana tsakura wa mutane da ludayi, za a juye musu shi da ƙwarya tsakanin magariba da isha'i. Wanda ya ga ƙarshen labari a kyauta, me zai kai shi gindin gawo ranar Lahadi?

Kai ma kada ka faɗi wannan tsoron ga kowa. Ka ce kishin littafi ne ya dame ka. Jimrau ya bi rumfa-rumfa yana sanar da mutane cewa an ɓata labarin, an cuce shi, marubucin da yana raye da baƙin ciki ya kashe shi. Bai san ko marubucin na raye ba, amma ba wanda ya tambaya. Matarsa Halimatu ta ce ya bari a gani mana, ƙila abin ya yi kyau. Ranar bai sha furarta ba.

Mataki na uku: Ka rantse ba za ka je ba, sannan ka riga kowa zuwa

Rantsuwar ka yi ta a gaban shaidu. Zuwan kuma ka ce wucewa kake yi.

Tun azahar Jimrau ya wuce ta filin lakwal da tabarma a kafaɗa da littafi a hammata, wucewar da ba ta ƙare ba sai da aka tashi. Ya tarar da mai injin, wani Bamaraɗe mai suna Mutari, yana ɗaure farin ƙyalle a bangon aji. Ya tambaye shi ko ya karanta littafin. Mutari ya ce shi bai ma san akwai littafi ba, amma ya nuna abin sau arba'in, akwai faɗa, akwai sukuwa, kuma macen da ke ciki ta isa.

Jimrau ya ce wace mace. Mace ɗaya ce a duk littafin, kakar yarima, ita ma ta rasu a shafi na tara. Mutari ya ce to wannan dai ba kakar kowa ba ce.

A irin wannan lokaci ka yi shiru, ka kaɗa kai sau uku, ka shafa bangon littafin. Shirun masani ya fi surutunsa tsoratarwa.

Mataki na huɗu: Ka nemi wurin da za a ji ka

Sukar da aka yi daga sahun baya tsaki ce kawai. Kai gaba kake so.

Nan Allah ya taimaki Jimrau. Silima da Faransanci take magana, tafintan kumandan kuwa ya tafi rangadi Badar Gula bai dawo ba. Da aka yi magariba, fili ya cika, mata a gefe guda, masu raƙuma sun durƙusar da su a baya, kumandan ya zauna a kujerarsa, ya waiga ya ga ba mai fassara. Ya nuna plantonsa da yatsa. Jimrau ya tashi kamar ba ya so, ya zari karan gero dogo daga dannin wani, ya tsaya a gefen ƙyalle. An ba kura ajiyar nama.

Mataki na biyar: Ka gyara duk abin da idonka ya gani

Kada ka bar ko ɗaya ya wuce. Masu kallo ba su san an cuce su ba sai ka gaya musu.

A littafi Gwandabal siriri ne, yunwa ta ci shi, da tabo daga goshi zuwa haɓa. Wanda ya fito a ƙyalle wani ƙosasshe ne mai kumatu, ba gemu, gashi har kafaɗa, yana ta nuna haƙora ba dalili. Jimrau ya ɗora masa kara a hanci.

"Jama'a, wanga ba shi ba ne. Wakili ne anka turo. Ku yi haƙuri da shi."

Sai doki ya fito, baƙi, kyakkyawa, har Agali ya gyara zama. Aka jira ya yi magana. Doki ya kaɗa wutsiya, ya yi haniniya irin ta kowane doki, ya yi shiru. Masu silima sun cire maganar doki. Shafi ɗari da ashirin na hikima, da nasiha, da baƙar magana, an shafe su kamar ba a taɓa rubutawa ba. Wannan ya yi wa Jimrau zafi na gaske, har idonsa ya kawo ruwa, don dokin nan ya fi masa abokai da yawa. Amma gwani ba ya tsayawa kuka. Duk inda doki ya bayyana, sai Jimrau ya kauraro murya ya faɗi abin da ya kamata ya ce, daga ka, ba duba littafi. Kumandan ya fara kallonsa ta gefen ido, don ya lura tafintan nasa yana zuba lokacin da ba mai magana a ƙyalle, yana kuma yin gum duk sanda macen ta buɗe baki.

Macen kuwa ta buɗe baki da yawa. Da abin ya kai inda ita da wakilin yarima suka matso da fuskokinsu kusa fiye da yadda ya dace, dattawa suka ja rawani suka rufe ido, wasu suka bar ɗan tsagi. Jimrau ya juya wa ƙyalle baya, ya ce littafi bai san waɗannan mutane ba, kuma shi ba ya fassara abin da ba magana ba.

An nuna dodo tun da wuri, yana kwance a bakin kogonsa. Kai ɗaya gare shi. Jimrau ya buɗe baki zai yi ƙorafin sauran biyun, sai wata tsohuwa daga ɓangaren mata ta ce ai wannan damo ne aka kumbura, ga ma wuyansa nan, ita da ta samu irinsa da gidansu sun yi wata suna cin nama. Dariya ta tashi. A cikin dariyar Jimrau ya tsinkayi ta Halimatu, ya ajiye wannan a ransa don gaba.

Mataki na shida: Kada ka raina wanda bai yi lakwal ba

Wannan matakin Jimrau bai san da shi ba sai da ya taka shi.

Kai kana kallon labari. Makiyayi dabba yake kallo. Ana tsakiyar sukuwa a wani daji, Agali ya ɗaga sandarsa, inuwarta ta raba ƙyallen biyu.

"Ɗana, dakata. Dokin da yaron ga ya hito da shi daga gidan ubanai, ƙahwar baya ta hagu hwara ce. Wanga ba shi da hwari ko ɗigo."

Jimrau ya ce duhu ne, Baba. Agali ya ce shi ya shekara sittin yana gane dabbobinsa a duhun da ya fi wannan. Wani Bafulatani daga baya ya ce gaskiya ne, kuma na yanzu ya fi na ɗazu tsawon wuya. Kafin a ce me, duk mazan filin sun bar yarima, sun bar mace, sun zuba wa ƙafafun doki ido. Ana haka yarima ya iso wani kogi. Ya shiga ruwa a kan ingarma. Ya fito a ɗaya gaɓar a kan goɗiya.

 Sai aka ji salati daga nan da can.

Mutari, don ya taimaka, ya ɗaga murya ya yi bayani. Ya ce haka masu yin silima suke, dawaki da yawa suke tarawa, in wannan ya gaji a kawo wancan, ba wanda ke lura. Da ya sani da ya yi shiru. Agali ya tambaya dawakin na wane ne. Mutari ya ce bai sani ba. Agali ya tambaya ko an ga inda yaron ya tsaya a kasuwa, ko inda ya yi sallama da wani mai doki, ko inda aka yi musaya a gaban shaidu. Ba wanda ya gani. To a ƙasar nan, daga Dakoro har inda ciyawa ta ƙare, mutumin da ya bar gida da doki guda aka gan shi a kan uku, ba ciniki ba kyauta, suna ɗaya gare shi, kuma ba yarima ba ne.

Daga nan kallo ya zama bin sawu. Jimrau yana ta ihun maganar doki, ba mai jinsa. Ana ƙirge. Na huɗu mai fari a goshi ne. Na biyar ɗan tsoho, da alamar wuta a cinya, har wani ya rantse ya san masu wannan alama. Yarima ya zare takobi, ya sare damo, ruwa ya ɓalle, aka yi kiɗa, macen ta sake matsowa, duk ba wanda ya kula, ana gardamar ko biyar ne ko shida. Wasu ma sun tausaya wa damon, suka ce shi dai a bakin raminsa aka same shi. Kumandan ya tashi yana murmushi, a zatonsa jama'a sun ji daɗi, tun da bai taɓa ganin talakawa sun tattauna abu da zafi haka ba.

Mataki na bakwai: Ka yi murna, amma kada ka yanka rago tukuna

Jimrau ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Silima ta kunyata. Ƙarshen labari ya wuce a gaban mutum ɗari biyar ba wanda ya gan shi. Washegari da safe, Halimatu na dama kunu, ya tsaya a kanta ya tuna mata cewa shi ya faɗa tun farko, ya kuma tuna mata dariyar damo.

Ta ce ta ji. Amma ita ta je rijiya da asuba, kuma abin da mata ke faɗa ba wai silima ta yi ƙarya ba ne. Cewa suke ashe shekara biyu Malam Jimrau na tara mazajensu yana yi wa ɓarawon dawaki kirari.

Ya ce maganar mata ce. Kunun dai bai shanye ba.

Mataki na takwas: Ka tsaya a kan gaskiyar littafi, iya inda za ka iya

Da la'asar gindin gawo bai taɓa cika haka ba. Har daga Korahane da Rumbu an zo, waɗanda ba su ga silimar ba amma labarin ɓarawo ya iske su. Ba a dafa shayi ba. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa Jimrau yadda abin yake.

Ya yi abin da ya kamata. Ya ɗaga littafin sama, ya ce a cikin nan doki ɗaya ne tun daga shafin farko har na ƙarshe. Ya ce Gwandabal ya taɓa kwana uku ba ci don dokinsa ya ci. Ya ce masu silima ne suka yi ha'inci, yarima bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya yi maganar da kyau, don da gaske yake.

Agali ya bari ya gama.

"Ɗana, ba mu ce ka yi muna ƙarya ba. Kai abin da anka rubuta kake hwaɗi. Amma wanda ya rubuta, halan maroƙin gidansu ne. Shekara biyu muna ji, jiya mun gani, gani kuwa ya kori ji." Ya gyara sandarsa. "Karanta muna inda anka kama shi. In babu, mu tahi. Mu da shekarunmu ba mu zama jin yabon ɓarawo."

Daga baya mutane suka fara laluben takalma.

Jimrau ya dubi shafi na ɗari uku da arba'in da ɗaya. Ya san abin da ke ciki ba sai ya karanta ba: yarima da dokinsa a kan dutse, ƙanƙara na zuba, ya cire bargonsa ya rufa wa dokin. Shi ne shafin da ya fi so a duk littafin, shekara biyu yana ɗokin ranar da zai kawo su nan. Ya ɗaga kai ya ga bayan mutum goma, sannan ashirin. Ya tuna gobe Litinin, da muryar da za ta ce Planto.

Ya lashi yatsa, ya juya shafi biyu don a ga ya nema, ya dawo. Ya karanta Faransancin yadda yake, ƙanƙara da bargo da komai. Sannan ya yi gyaran murya ya ce da Hausa:

"Sai masu dawaki sunka cim mishi a bakin rijiya, su biyar, kowa da igiyatai."

Masu takalma suka dawo. Agali ya ce ai ya sani, ɓarawon dabba ƙishirwa ke kama shi. Wani ya hura gawayi, aka ɗora buta, kofin farko ya zo hannun Malam Jimrau.

Wata uku aka yi ana shari'ar Gwandabal a gindin gawo, shafi guda a rana. An ɗaure shi a turke, an kira shaidu, goɗiyar nan ma ta yi magana, tun da yanzu Jimrau ne mai raba baki. Dodo ya mutu da tsufa a wani wuri da ba a tsaya bayani ba. Duk wanda ka tambaya a Dakoro zai ce maka karatu bai taɓa daɗi kamar na wannan rani ba.

Amma ranar farko, da Jimrau ya koma gida, bai iya zama ba. Halimatu na tankaɗe a tsakar gida. Ya ja kujera kusa da ita, ya buɗe shafin, ya ce ta saurara, mutum ɗaya dai a garin nan ya kamata ya ji yadda abin yake. Ya fassara mata shi tsaf, bai ƙara ba bai rage ba, dutsen da sanyin da bargon, da abin da dokin ya ce wa yarima da ya ji ɗumi. Da ya kai ƙarshe sai da ya share ido da hannun riga. Ya tambaye ta yaya ta ji.

Ta buga rariya a tafin hannu, ta yi ɗan tunani, don ba ta son ta yi masa ƙarya.

"Ba laihi, Malam. Amma na gindin gawo ya hi daɗi."

Sanarwa

Mai wannan rubutu matakai kawai ya kawo, bai ce a bi ba, lamunin da ya bayar a sama kuwa ya janye shi tun a mataki na shida. Duk wanda ya bi su ya rasa abokan kallo, ko fura a gida, ko aikinsa a biro, ko ya wayi gari yana ɗaure jarumin da yake ƙauna a turke don a ba shi shayi, to shi da littafinsa, su sasanta. Masu ƙorafi su kai wa Jimrau. Masu cigiyar dawaki kuma su nufi Faransa, nan ba mu ga ko ɗaya ba.